Shafen molekul masu masaukin baƙi

Shafen molekul masu masaukin baƙi wani siririn shafe ne na sinadari da ake yi wa fuskar na'urar gano sinadarai, domin ta iya tantance tururin sinadaran narkarwa da ke cikin iska, irin su benzin, toluwin, kulorofom da metanol. Molekul shi ne gungun atam mafi ƙanƙanta da ke ɗauke da halayen wani sinadari. Molekul ɗin da ake yin wannan shafe da su suna da siffar ƙwarya, kofi ko zobe, wato kowannensu yana da rami a tsakiyarsa. Ramin ne ke karɓar molekul ɗin tururi, ya riƙe shi na ɗan lokaci, sannan ya sake shi. Masana kimiyyar sinadarai suna kiran mai ramin da suna mai masauki, wanda ya shiga ramin kuma baƙo.

Irin wannan na'ura tana da sassa biyu. Shafen shi ne ke zaɓen tururin da za a kama, ɗaya sashen kuma yana mayar da kamun zuwa alamar lantarki ko ta haske da za a iya karantawa. Da farko an yi zaton cewa muddin rami ya yi daidai da girman baƙo, na'urar za ta ware shi daga sauran sinadarai. Bincike ya nuna daga baya cewa rami shi kaɗai bai isa ba, domin tururi yana shiga ko'ina a cikin shafen, ba cikin ramukan kawai ba. Yawancin aikin da aka yi a wannan fanni tun daga shekarun 1990 ƙoƙari ne na sa abin da rami ya kama ya rinjayi abin da sauran shafen ya sha.

Asalin sunaye

Masanin sinadarai ɗan Amurka Donald Cram ne ya yaɗa amfani da kalmomin mai masauki da baƙo a shekarun 1970, kuma daga kalmomin zaman yau da kullum ya aro su. Kwatancen ya dace, domin baƙo yana zuwa ne ya tafi, kuma mai masauki ba ya zama wani abu dabam saboda ya sauke shi. Haka ma a nan, molekul biyun ba sa haɗewa su zama sabon sinadari. Ɗan Faransa Jean-Marie Lehn ya kira fannin baki ɗaya da suna mai ɗauke da ɗafa-goshin Latin supra, wato "sama da", domin nazari ne na abin da ke faruwa tsakanin molekul da molekul, ba cikin molekul ɗaya ba.

Sunayen masu masaukin ma yawancinsu siffa suke bayyanawa. Saikulodekstirin ya samo farkon sunansa daga kalmar Girka kyklos, wato da'ira. Kaliksarin ya fito daga kalyx, sunan da ke jikin wata tukunyar Girkawan dā mai faɗin baki, wadda masanin Amurka David Gutsche ya ga molekul ɗin ya yi kama da ita. Kabitand yana da dangantaka da kalmar Latin cavus, wato abu mai rami.

Sinadaran narkarwa da haɗarinsu

Sinadaran narkarwa ruwaye ne da ake narkar da wasu abubuwa a cikinsu, kamar fenti, gam, roba, tawadar ɗab'i da maiƙo. Tina da masu fenti ke sirkawa da ita, da sholisho na masu facin taya, da asiton mai goge jan farce, duk suna ɗauke da su. Yawancinsu suna zama tururi cikin sauƙi ko da ba a ɗora su a wuta ba, don haka ta numfashi suka fi shiga jikin mutum.

Haɗarinsu ya bambanta ƙwarai. Benzin, wanda ake samu a cikin fetur da hayaƙin mota da na taba, yana lalata ɓargo kuma yana jawo sankarar jini. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya shi a rukunin farko, wato na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam. A shekarun 1970, likitan Turkiyya Muzaffer Aksoy ya nuna yawaitar sankarar jini tsakanin masu yin takalma a Istanbul da ke aiki da gam mai benzin. Toluwin yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Heksen ya jawo mutuwar jijiyoyin hannu da ƙafa ga masu yin takalma a Japan da Italiya. Metanol yana iya makantar da mutum. Tetrakuloro'etilin, wanda ake wanke tufafi da shi ba tare da ruwa ba, yana cikin rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar daji.

Saboda haka hukumomi suka gindaya iyaka. A shekarar 1987, hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta ƙayyade cewa kada benzin ya wuce kashi 1 cikin miliyan na iskar wurin aiki, idan aka ɗauki matsakaicin awa 8. Tarayyar Turai kuma ta sanya iyakar maikurogiram 5 a kowace mita kubik ta iskar gari, a matsakaicin shekara. Matsalar ita ce benzin ba ya zuwa shi kaɗai. Kusan kullum yana tare da toluwin da zailin, waɗanda suka yi kama da shi a siffa, sau da yawa ma sun fi shi yawa, amma ba su kai shi haɗari ba. Na'urar da ta kasa bambance su za ta riƙa yin ƙarar gargaɗi ba gaira ba dalili, ko kuma ta yi shiru a lokacin da ake da bukatar gargaɗin.

Tarihi

Wannan fasaha ta samu ne daga haɗuwar hanyoyin bincike biyu da suka taso dabam-dabam.

Hanya ta farko ta kimiyyar lantarki ce. A shekarar 1880, 'yan'uwa biyu Jacques da Pierre Curie suka gano cewa idan aka matsa wasu duwatsu masu ƙyalli irin su kwats, lantarki yana bayyana a fuskarsu. Ba a jima ba aka tabbatar da akasin haka, wato idan aka ba su lantarki sukan ɗan sauya siffa. A shekarar 1959, Bajamushe Günter Sauerbrey ya nuna cewa saurin karkarwar faifan kwats yana raguwa daidai gwargwadon nauyin abin da ya manne a fuskarsa. A 1964, William King na sashen binciken kamfanin mai na Esso a Amurka ya shafa wa faifan kwats sinadarai masu shan tururi, ya mayar da shi na'urar gano iskar gas. A 1979, Henry Wohltjen da Raymond Dessy suka yi irin wannan da na'urar da igiyar sauti ke bi ta saman fuskarta.

Hanya ta biyu ta kimiyyar sinadarai ce. A shekarar 1894, Emil Fischer ya kwatanta yadda sinadaran jiki ke gane junansu da kwaɗo da mabuɗi. A 1967, Charles Pedersen na kamfanin DuPont ya wallafa bayanin wasu molekul masu siffar kambi da ke riƙe sodiyam da potasiyam a tsakiyarsu. Lehn ya biyo baya a 1969 da molekul masu siffar keji, Cram kuma ya fito da kabitand a 1982. Su ukun aka bai wa kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a shekarar 1987.

A shekarun 1990 ne hanyoyin biyu suka haɗu sosai, musamman a Turai. Daga cikin waɗanda suka yi fice akwai Franz Dickert na Jami'ar Biyana a Ostiriya, Wolfgang Göpel na Jami'ar Tübingen a Jamus, David Reinhoudt na Jami'ar Twente a Holan, da Enrico Dalcanale na Jami'ar Parma a Italiya. A 1994, ƙungiyoyin Göpel da Reinhoudt suka wallafa a mujallar Science cewa shimfiɗar kabitand mai kaurin molekul ɗaya tak a kan zinariya tana amsa tururin tetrakuloro'etilin da ƙarfi.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar da aka fi gwada waɗannan shafe-shafe a kanta ita ce ma'aunin kwats. Kwats farin dutse ne mai ƙyalli da ake samu a cikin yashi, kuma shi ne ke daidaita lokaci a yawancin agogon hannu, inda yake karkarwa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. A ma'aunin sinadarai, ana yanka shi siririn faifai kamar kwabo, a manna masa 'yar shimfiɗar zinariya a kowace fuska domin lantarki ya bi. Yakan yi karkarwa sau miliyan 5 zuwa miliyan 10 a daƙiƙa, wani lokaci fiye da haka. Karkarwa ɗaya a daƙiƙa ita ake kira hertz ɗaya.

Idan makaɗi ya liƙa danƙo a fatar ganga, muryarta takan yi ƙasa saboda fatar ta yi nauyi. Haka faifan kwats yake. Lissafin Sauerbrey ya bayyana wannan kamar haka:

Δf = −2f₀²Δm / (A√(ρμ))

A nan Δf shi ne sauyin saurin karkarwa, f₀ saurin faifan na asali, Δm nauyin da ya ƙaru, A faɗin fuskar, ρ da μ kuma nauyin kwats da taurinsa. Ga faifai mai hertz miliyan 5, raguwar hertz 1 tana nufin ƙaruwar nanogiram 17.7 a kowace santimita murabba'i. Ga mai hertz miliyan 10, nanogiram 4.4 kacal ke jawo wannan raguwar. Nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Tun da f₀ ana ninka shi da kansa ne a lissafin, idan aka ruɓanya saurin faifai sau biyu, kaifinsa yana ƙaruwa sau huɗu. Wannan ne ya sa ake amfani da na'urorin igiyar sauti ta saman fuska, masu karkarwa sau ɗaruruwan miliyoyi a daƙiƙa, idan ana neman gano tururi kaɗan ƙwarai.

Misali, idan aka shafa wa faifai mai hertz miliyan 10 sinadari har saurinsa ya ragu da hertz 10,000, nauyin shafen ya kai kimanin maikurogiram 44 a santimita murabba'i. Idan nauyin sinadarin daidai yake da na ruwa, kaurin shafen zai kai kimanin nanomita 440, wato ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Idan aka busa masa iska mai tururi sai saurin ya ƙara raguwa da hertz 20, to shafen ya sha kimanin nanogiram 88 na tururi a santimita murabba'i. Da an mayar da tsabtatacciyar iska, tururin yakan fice, saurin ya koma inda yake.

Abin lura shi ne, kwats ba ya gane sinadari. Nauyi kawai yake aunawa, ko na benzin ne, ko na ruwa, ko na ƙura. Duk wani zaɓe da na'urar za ta yi, daga shafen zai fito. Haka abin yake ga sauran hanyoyin, kamar masu auna sauyin gudun lantarki, masu auna sauyin launi ko haske, da ƙananan sanduna da ke lanƙwasa idan tururi ya manne musu.

Ire-iren masu masauki

Saikulodekstirin. Zobe ne na molekul ɗin gulukos da ake samu idan wasu ƙwayoyin bakteriya suka sarrafa sitaci. Bafaranshe Antoine Villiers ne ya fara bayyana shi a 1891, Franz Schardinger na Ostiriya kuma ya ƙara nazarinsa a farkon ƙarni na 20. Iri uku aka fi sani: alfa mai gulukos 6, beta mai 7, da gama mai 8. Faɗin raminsu ya kai kimanin nanomita 0.5, da 0.6, da 0.8 bi da bi. Ramin ba ya son ruwa, amma bakin zoben yana jan laima, don haka akan sauya gefen bakin da wasu sinadarai kafin a yi shafe da shi.

Kaliksarin. Ana haɗa shi daga finol da fomaldihaid. Wanda aka fi amfani da shi yana da zoben benzin 4 da suka jeru kamar bangon kofi, akwai kuma masu 6 da masu 8. Matsalarsa ita ce bangon yakan juya, kofin ya rasa siffarsa, sai in an ɗaure shi.

Kabitand. Ana samun shi ne daga rizosinarin, ɗan'uwan kaliksarin, ta hanyar ɗaure bakin kofin da gadoji na sinadari domin ramin ya tsaya kyam a buɗe. Nau'in gadar ne ke ƙayyade zurfin ramin da irin baƙon da yake so. Idan aka gina masa bango huɗu na kwinoksalin, ramin yakan yi zurfi har ya haɗiye zoben benzin. Idan kuma aka yi gadojin da fosfonet, yakan karkata ga dangin barasa irin su metanol da etanol.

Saikulofen. Zoben benzin ne biyu ko fiye da aka haɗa da sarƙoƙi, da fili a tsakaninsu kamar akwati. Ƙungiyar Dickert ta gwada su wajen gano sinadaran narkarwa masu kulorin da kuma dangin benzin.

Folima mai sawu. A nan ba a ƙera mai masauki ɗaya bayan ɗaya. Ana daskarar da folima, wato dogayen sarƙoƙi irin na roba, a kewayen molekul ɗin da ake son ganowa, sannan a wanke shi ya fita. Sai ya bar gurabe masu siffarsa, kamar sawun ƙafa a cikin laka. Günter Wulff na Jamus da Klaus Mosbach na Suwidin suna cikin waɗanda suka kafa wannan hanya.

Daga baya an ƙara wasu, kamar filararin mai siffar ginshiƙi, wanda Tomoki Ogoshi na Japan ya bayyana a 2008, da kuma gine-ginen ƙarfe da sinadaran kabon masu ramuka a jere kamar saƙar zuma.

Abin da ke riƙe baƙo a rami

Baƙo ba ya zama a rami sai da abin da ya riƙe shi. Ƙarfin da ke aiki a nan duk masu rauni ne idan aka kwatanta su da ɗaurin da ke haɗa atam da atam a cikin molekul ɗaya.

Na farko shi ne jan da ke tsakanin kowane molekul biyu da suka kusanci juna, wanda ake dangantawa da sunan masanin Holan van der Waals. Yana ƙaruwa da girman molekul da yawan wuraren da suka taɓa juna, amma ba ya zaɓe. Na biyu shi ne jan da ke tsakanin zoben benzin biyu, ko tsakanin zoben benzin da haidurojin ɗin da ke manne da kabon. Na uku shi ne ɗaurin haidurojin, wanda ya fi sauran ƙarfi kuma yake bukatar molekul biyun su fuskanci juna ta wata kusurwa takamaimai.

Akwai babban bambanci tsakanin abin da ke faruwa a cikin ruwa da kuma a iska. A cikin ruwa, molekul mai maiƙo yakan ruga cikin ramin saikulodekstirin domin ruwan da ke kewaye da shi yana ture shi. A iska babu abin da ke ture shi. Don haka mai masaukin da ya yi fice wajen kama wani baƙo a cikin kwalbar gwaji yana iya kasawa idan aka busar da shi aka mayar da shi shafe.

Yadda ake yin shafen

Hanya mafi sauƙi ita ce a narkar da mai masaukin, a ɗiga ko a fesa a kan faifan, a bar shi ya bushe. Wata hanyar ita ce a ɗiga shi a kan faifai da ke juyawa da sauri domin ya bazu daidai. Akwai kuma hanyar Irving Langmuir da Katharine Blodgett ta shekarun 1930, inda ake shimfiɗa molekul a saman ruwa, a tsoma faifan a fitar, kowace tsomawa ta ɗauko shimfiɗa ɗaya. Hanya ta huɗu ta dogara ne da yadda salfa ke manne wa zinariya: idan aka sanya wa mai masauki ƙafafu masu salfa, yakan jera kansa a kan zinariyar da bakin raminsa sama.

Kowace hanya da tata illa. Shimfiɗa ɗaya tak tana amsawa da sauri, amma ramukanta kaɗan ne, don haka alamar da take bayarwa ƙarama ce. Shafe mai kauri yana da ramuka da yawa, amma idan molekul ɗin suka cushe da juna kamar ƙanƙarar gishiri, tururi ba ya samun hanyar isa ga na ciki. Domin magance wannan, akan manna wa mai masauki dogayen jelar kabon da za su sa shafen ya yi laushi, tururi ya ratsa. Sai dai jelar ita ma tana shan kowane irin tururi ba tare da zaɓe ba.

Muhawara kan tantancewa

A shekarar 1996, Jay Grate na Amurka da Michael Abraham na Ingila da abokan aikinsu suka wallafa wata maƙala a mujallar Analytical Chemistry da ta ƙalubalanci fannin. Sun kwatanta yadda shafen kabitand ke amsa tururi iri-iri da yadda folima gama-gari marasa rami ke amsa su, suka ga tsarin kusan ɗaya ne. Hujjarsu ita ce, tururin da na'urar ta fi amsawa ba lallai ba ne wanda ya dace da rami. Sau da yawa shi ne kawai wanda ya fi saurin komawa ruwa, ko wanda ya fi nauyi.

Alƙaluma suna nuna dalilin. Benzin yana tafasa a digiri 80 na ma'aunin Salshiyas, toluwin a 111, zailin a wajen 140. Duk sinadarin da ya fi wuyar tafasa ya fi son zama a cikin kowane irin shafe. Ga kuma batun nauyi: molekul ɗin tetrakuloro'etilin yana da nauyin kusan 166 a ma'aunin nauyin atam, benzin 78, metanol 32. Ko da adadinsu ɗaya ne a cikin shafe, kwats zai fi jin na farkon nesa ba kusa ba.

Wannan suka ta tilasta wa masu bincike kawo hujjoji masu ƙarfi, kuma uku daga ciki sun samu karɓuwa.

Ta farko ita ce siffar amsar. Idan tururi yana narkewa ne kawai a cikin shafe, amsar na'urar tana tashi a miƙe: a ninka tururi sau biyu, amsa ta ninku sau biyu. Idan kuwa ramuka ne ke kamawa, amsar takan tashi da sauri tun tururi yana kaɗan, sannan ta lafa domin ramukan sun cika.

Ta biyu ita ce kwatanta tagwayen masu masauki. Ƙungiyar Dalcanale ta haɗa kabitand mai fosfonet iri biyu daga atam iri ɗaya. A ɗayan, oksijin ɗin fosfonet yana fuskantar cikin rami, a ɗayan kuma yana fuskantar waje. Mai fuskantar ciki ya amsa tururin dangin barasa fiye da ɗan'uwansa, domin baƙon yana samun riƙo biyu a lokaci ɗaya: ɗaurin haidurojin a bakin rami, da jan zoben benzin a cikinsa. Tun da nauyinsu da jelarsu ɗaya ne, bambancin ba zai fito daga ko'ina ba sai daga ramin.

Ta uku ita ce tagwayen madubi. Wasu sinadarai suna zuwa a siffa biyu kamar hannun dama da na hagu. Nauyinsu ɗaya, kuma a zafi ɗaya suke tafasa, don haka shafe marar zaɓe ba zai iya bambance su ba. A ƙarshen shekarun 1990, masu bincike a Tübingen, ciki har da Göpel da Volker Schurig, sun nuna cewa faifan kwats mai shafen saikulodekstirin yana amsa tagwayen wasu magungunan sa barci na tiyata da ƙarfi daban-daban.

Darasin da aka ɗauka shi ne, tantancewa ta gaskiya tana samuwa idan rami ya haɗa siffar da ta dace da riƙo fiye da ɗaya, kuma aka rage sassan shafen da ke shan tururi barkatai.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce saɓani tsakanin ƙarfin riƙo da saurin saki. Mai masaukin da ya riƙe baƙo gam yana iya gano shi ko da kaɗan ne, amma ba zai sake shi da wuri ba, kuma na'urar da raminta ya cika ba ta da amfani har sai ya wofinta. Wanda riƙonsa ya yi sako-sako kuma yana farfaɗowa nan take, amma ba ya zaɓe sosai.

Laima ma tana da tasiri. Tururin ruwa a iska mai ɗumi yakan kai kashi dubu goma ko fiye cikin miliyan, alhali benzin ɗin da ake nema bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan ba. Ko ɗan kaɗan shafen ya sha daga ruwan, zai iya rufe alamar da ake nema. Zafi kuma yana rage yawan tururin da shafe ke sha, don haka ma'auni ɗaya zai ba da amsa dabam da safe da kuma tsakar rana. Akan rage waɗannan ta hanyar ajiye faifai na biyu, marar shafe ko mai shafe marar rami, a gefen na farko, a riƙa ɗebe amsar wannan daga ta wancan.

Bugu da ƙari, shafe yana tsufa. Yakan daskare, ya tsage, ko wani baƙo mai nauyi ya zauna a ramin ya ƙi fita. Lissafin Sauerbrey kansa yana aiki ne ga shafe siriri mai tauri. Idan tururi ya kumbura shafen ya yi laushi, wani ɓangare na sauyin da aka gani ba daga nauyi ya zo ba.

Amfani

Saboda wahalar samun shafe ɗaya da zai gane sinadari ɗaya, akan jera na'urori da yawa, kowace da nata shafe, a bar kwamfuta ta gane tururin daga tsarin amsoshinsu gaba ɗaya. Wannan tsari shi ake kira hancin lantarki, wanda Krishna Persaud da George Dodd na Jami'ar Warwick a Ingila suka gabatar a 1982. A cikin irin wannan jeri, masu masauki suna da amfani ko da zaɓensu bai cika ba, domin amsarsu ta sha bamban da ta folima.

Wata hanyar ita ce amfani da mai masauki a matsayin tarko. Masu bincike a Parma da Bologna sun cika wata 'yar ƙaramar na'urar silikon da kabitand mai bangon kwinoksalin. Iska tana bi ta ciki, dangin benzin su maƙale, sauran su wuce. Daga nan sai a ɗumama tarkon ya saki abin da ya tara, wata na'urar dabam ta ware su ta auna. Ta haka aka kauce wa matsalar saki, domin zafi ne ke korar baƙon, kuma aka iya gano dangin benzin a matakin kashi ɗaya cikin biliyan.

Wuraren da ake nufi da wannan fasaha sun haɗa da masana'antun fenti da na takalma, maɗaba'u, matatun mai, gidajen wankin tufafi, ɗakunan gwaje-gwaje da tashoshin auna iskar birane. Duk da haka, yawancin awon da ake yi a wuraren aiki har yanzu ya dogara ne da tsofaffin hanyoyi: bututun gilashi masu sauya launi, na'urori masu hasken ultrabayolet, na'urorin ƙarfe masu zafi, da kuma ɗaukar samfurin iska zuwa ɗakin gwaji. Na farkon ana amfani da su sau ɗaya ne a yar, na biyu da na uku ba sa bambance benzin da danginsa sai da ƙarin kayan tacewa, na ƙarshen kuma yana da tsada da ɗaukar lokaci. Wannan giɓi ne masu binciken shafen masu masauki ke neman cikewa, da ƙaramar na'ura mai araha da za ta yi aiki ba tsayawa a kusa da hancin ma'aikaci.

Duba kuma

Kimiyyar sinadarai
Benzin
Gurɓatar iska
Kwats
Hancin lantarki